Gadon Auta

Ranar Litinin na ɗauki wandona zuwa gidan surukaina domin Auta ta rage mini ƙugu, sai na tarar da gadonta a baranda, ƙafafu sama kamar mushen jaki. An jingine katifar da bango, an ɗaure ta da igiyar shanya, sai ka ce ana tsoron kada ta gudu ta koma ɗaki.

Auta ƙanwar matata ce, Allah ya jiƙan matar tawa. Su uku mahaifiyarsu ta haifa: Yaya Babba, matata, sai ita. Tela ce, shekarunta hamsin da uku, kuma tun da mijinta ya tafi neman arziki ya manta hanyar gida take zaune a ɗakin ƙurya na gidan Yaya Babba, ita da keken ɗinkinta. Na same ta a kan keken, idanu sun kumbura, ta sa hannu ɗaya ta dafe baya.

"Mijin Yaya, sannu da zuwa. Ka ga sabon tsarin gwamnati?" Haka take kirana, saboda matata yayarta ce. Ta nuna barandar da almakashi.

"Ƙaura za ki yi?"

"Gadon ne ya ƙaura. Ni an ce in zauna. Kwana huɗu ke nan a kan tabarma, ƙashin bayana har ya san adadin tayil ɗin ɗakin nan."

Ta jawo aljihun keken, ta tono wata takarda daga ƙarƙashin zare da maɓallai, ta miƙo mini. Daga asibitin koyarwa take. Wasu likitoci ne suke bincike a kan matan da haila ta ɗauke musu, me ya sa wasu ke kumbura nan da nan, wasu kuma a'a. Wata biyu da suka wuce sun ɗebi jinin Auta, sun auna ta sama da ƙasa. Kuma domin su nuna sun damu da talaka, sai suka rubuto sakamakon da Hausa zalla:

"Awon da aka yi miki ya nuna hawan jini, da yawan sukari, da taruwar kitse a ciki. Akwai alamar matsalar tana da nasaba da gado. Ki zo ranar Laraba da ƙarfe tara, tare da 'yan'uwanki mata idan kina da su."

Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran rubutu a maɗaba'a, har surukaina suka sa mini Mai Jan Biro. Na san abin da kowane yaro ya sani da kunne, amma takarda ba ta sani ba. Akwai gadon da ake kwanciya a kai, wanda baki ke faɗa a gajarce. Akwai kuma wanda iyaye ke bar wa 'ya'ya, da ake jan farkonsa a sauke murya a ƙarshe. A baki ba mai rikita su. A rubuce kuwa haruffa huɗu ne, iri ɗaya sak, ba wanda ya yi wa ɗayan gemu.

Ban gama ninke takardar ba na ji takun Yaya Babba. Tsohuwar shugabar makaranta ce. Ta yi ritaya shekara tara, amma ba wanda ya sanar da muryarta. Siririya ce kamar tsinken tsintsiya, kuma tana ɗaukar ramarta kamar wata takardar shaida da ta ci da guminta.

"Mai Jan Biro, ka gani dai da idonka. Likitoci ma sun gaji da ɓoyewa. Gado! Na faɗa, na faɗa, har bakina ya yi tsami. Mace ta wuni a zaune, ta tashi ta faɗa katifa, me kake jira? Shi ya sa na kori mai laifi."

"Yaya, takardar ta ce ta koma ranar Laraba."

"Ta koma ta yi me? Sun gano ciwo, ni na yi magani. Za a je ne a ɗora ta a kan ƙwayoyi har ƙarshen rayuwa, alhali ba abin da ke damunta sai son jiki. Ba inda za ta. Ruwan zafi da lemun tsami da safe, shara sau biyu, abinci sau ɗaya. Wata uku ka zo ka ga aiki."

Auta ta ce a hankali, idonta a kan allura, "Yaya, ai Inna ma haka ta koma bayan ta wuce hamsin. Da ƙanwarta."

"Ki kiyayi bakinki. Ƙibar Inna ta daraja ce. Taki ta lalaci ce. In gadon iyaye ne, ni a bola aka tsinto ni?"

Ta dubi hannuwanta da sha'awa, ta fita. Na bar wandon a kan teburi tare da 'yar takardar da na rubuta awon da nake so a rage, na koma gida ban ce komai ba. Na iya wannan sosai. Na taɓa yi na shekara uku.

Ga yadda aka yi. Shekara shida da suka wuce, matata ta kai wannan gaɓar da Auta take kai yanzu. Haila ta ɗauke, zufa ta zo, kuma jikin da na sani shekara ashirin da takwas ya fara tara kansa a tsakiya. Ba ta ƙara ci ba. Ni shaida ne, faranti ɗaya muke kallo. Ta je asibiti, wani likita da layi ya yi wa yawa ya yi mata bayani da sauri kamar mai sayar da tikitin mota, sannan ya rubuta a bayan katinta: "Wannan ƙiba ta gado ce. A kula da sukari. Ta dawo bayan wata ɗaya."

Ta dawo ta tarar muna cin abincin rana, ni da Yaya Babba da ta kawo ziyara. Ta bar tabaraunta a ɗaki, sai ta miƙo mini katin. Na duba, na gane wane gadon ake nufi tun kafin in kai ƙarshen layi. Amma ga kalma ta kawo kanta, ga masu sauraro, ni kuma mutum ne da bai taɓa barin abin dariya ya wuce shi ba. Na gyara murya, na karanta shi a gajarce. Gadon kwanciya.

Yaya Babba ta yi dariya har ta ƙware. Matata ma ta yi, irin dariyar da mace take yi idan ta ga kowa na yi. Na ce a raina gobe zan gyara. Da la'asar, tana ninke kayan wanki, ta ce, "Malam, ka tabbata haka aka rubuta? Ni na ji kamar na iyaye ya ce."

Na ce, "Haka aka rubuta."

Kuma haka aka rubuta. Ko a gaban alƙali ba a kama ni da ƙarya.

Me ya hana ni gyarawa? Na daɗe ina neman amsa mai kyan ji a littattafai, ban samu ba. Gaskiyar ita ce ƙibar tana ba ni haushi, kuma ya fi mini daɗi a ce laifin wani ne. Ban da haka, gyarawa na nufin in tsaya gaban Yaya Babba in ce na yi wasa da katin asibiti. Kafin mako ya zagayo Yaya ta kai labarin ko'ina cikin dangi: likita ya rubuta da hannunsa, Mai Jan Biro ya karanta da bakinsa. Matata ba ta koma asibiti ba. Ta ce ba za ta je a sake rubuta mata rago a kati ba. Ta riƙa zama da yunwa a gaban mutane, tana cin burodi a tsaye a bayan ƙofar kicin. Bayan shekara uku, wata safiya tana share tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye. Kwana goma sha ɗaya ta yi a gadon asibiti. Aƙalla wannan ba wanda ya ce ta tashi daga kai.

Ranar Talata na wuni ina jujjuya littafi ɗaya ban karanta shafi ba. Ranar Laraba da ƙarfe bakwai da rabi ina ƙofar gidan Yaya Babba. Na tarar tana tsaye a baranda da kofin ruwan zafi, tana duba sharar Auta kamar mai duba jarrabawa.

"Yaya, kalmar nan ta takarda, gadon iyaye ce. Shi ya sa suka ce ta zo da 'yan'uwanta."

"Sun ce ta zo da mu ne domin mu sa mata ido."

"Jini suke nufi. Abin da kuka ɗauko daga Inna da Baba."

Ta kurɓi ruwanta. "Ikon Allah. Yau kuma? To katin ƙanwata fa? Wa ya karanta mana? Ba kai ba ne, mutumin da ya shekara talatin yana gyara wa marubuta waƙafi? Kalma ɗaya, gida ɗaya, ciwo ɗaya. In wancan na kwanciya ne, wannan ma na kwanciya ne. Sai dai in za ka ce ka yi kuskure. Ka taɓa kuskure, Mai Jan Biro?"

Auta ta daina shara, ta jingina da tsintsiya. Ga ƙofa an buɗe mini: in ce kuskure ne, idona ya gaji ranar, rubutun likita kamar tafiyar kaza. Amma na san Yaya Babba. Da na ce kuskure, za ta ce wanda ya kuskure jiya shi ne yake kuskure yau, ta kulle ƙofar gida ta zuba makulli a jaka. Ƙarfe tara kuma ba ta jira.

Na ce, "Ban yi kuskure ba. Na san na iyaye ne tun a lokacin. Wasa na yi."

"Wasa."

"Na ga za ki yi dariya, kin kuwa yi. Ta tambaye ni daga baya, na bar ta a haka."

Yaya Babba ta sauke kofin daga bakinta. A maƙwabta wani yana ta fama da injin mota da ya ƙi tashi. Auta ta ajiye tsintsiyar a hankali, ta shiga ɗaki, ta fito da mayafi da jaka da takardar. Ba ta dube ni ba.

Yaya Babba ta ce, "Ina za ki?"

"Asibiti."

"Na ce ba..."

"Na ji, Yaya. Ki matsa."

Tun da na san Auta ban taɓa jin ta faɗi haka ba, kuma ina jin Yaya ma a shekara hamsin da uku ba ta taɓa ji ba, domin ta matsa. Sannan ta dangwarar da kofin. "To mu je gaba ɗaya. Ba zan ɗauki maganar mutumin da ya ce da bakinsa maƙaryaci ne ba. Daga bakin likita zan ji. Kai kuma ka zauna gaban mota, kada in ga fuskarka."

Ɗakin jiran masu binciken yana hawa na biyu, a ƙarshen wani dogon lungu mai warin maganin goge ƙasa. Benci huɗu, fanka ɗaya da ke juyawa don kunya kawai, da mata kusan talatin, kowacce na fifita da katinta. Ni kaɗai ne namiji. Wata mai faɗin kujera biyu ta dube ni ta ce, "Baba, kai ma ta ɗauke maka ne?" Bencin ya girgiza da dariya. Yaya Babba ta zauna a tsakiyarsu a miƙe, tana kallon kowacce daga ƙugu zuwa ƙasa, kamar wadda aka gayyato ta raba kyauta.

Likitar yarinya ce a idona, ba ta wuce arba'in ba, da gajiya a fuska da biro uku a aljihu. Yaya ba ta bari ta zauna ba. Ta shimfiɗa takardar a kan teburi, ta sa yatsa.

"'Yata, karanta mini wannan kalma. Da ƙarfi."

Likitar ta duba. "Gaado," ta ce, ta ja shi har ya kai ƙofa ya dawo. "Na iyaye. Da me kuka ɗauka?"

Auta ta ce, "An fitar mini da gadona baranda."

Likitar ta cire tabarau, ta murza ido. "Ke ce ta uku. Wata mijinta ya sayar da nata." Ta rubuta wani abu a gefen littafinta, ta ja masa layi biyu.

Sannan ta yi bayani, kuma ta yi shi a hankali, abin da ban saba gani a asibiti ba. Ta ce kowane mutum yana ɗauke da wani dogon rubutu a ƙwayoyin halittarsa, rabi daga uwa, rabi daga uba, wanda yake gaya wa jiki yadda zai sarrafa abinci da inda zai ajiye kitse. Rubutun kusan ɗaya ne ga kowa, amma nan da can harafi yana bambanta. Wasu bambance-bambancen suna sa jiki ya fi son tara kitse, ko ya yi wa sukari riƙon sakainar kashi.

Na ce, "Kuskuren ɗab'i ke nan."

"Ba kuskure ba ne, Baba, bambanci ne. Kuma ba harafi ɗaya ke yin aikin ba, da yawa ne, kowanne da ɗan nasa."

Yaya ta ce, "Ki rabu da shi. Yau an ƙwace masa biro."

Likitar ta ci gaba. Muddin mace tana haila, sinadarin mata na jikinta yana ɗan rufa mata asiri, yana tura kitse cinya da ƙugu ta baya. Da ya ja baya, kitsen sai ya dawo ciki, ya kewaye hanji da hanta. Daga nan abokan tafiyarsa su biyo shi: hawan jini, sukari, mugun kitse ya hau a jini, mai kyau ya sauka. Abu biyar suke dubawa, har da faɗin ƙugu. In uku sun haɗu a jikin mutum ɗaya, to zuciya da ƙwaƙwalwa suna cikin haɗari. Auta tana da huɗu.

"Wato an gama da ni," in ji Auta.

"A'a. An rubuta miki saurin kamuwa ne, ba a rubuta miki ranar mutuwa ba. Akwai magani, yau za ki fara. Sai rage sukari da mai, ba yunwa ba. Da tafiyar ƙafa rabin awa kullum."

Yaya Babba ta buga teburi. "Kun ji! Tafiya! Ashe dai gadon yana da laifi."

"Zama yana da laifi, Hajiya. Amma ki mayar mata da gadonta yau. Rashin barci yana ƙara sukari da hawan jini. Kwana shida a kan tabarma ba ku rage mata komai ba sai lafiya." Ta jawo tef ɗin awo daga aljihun teburi. "Ke yayarta ce? Uwa ɗaya uba ɗaya? To bismillah, bayan labule."

"Ni? Dube ni da kyau, 'yata."

"Na duba. Bayan labule."

Ni aka kora waje, amma ƙofar katako ce marar nauyi, kuma muryar Yaya ba a yi ƙofar da za ta tare ta ba. Na ji nas tana cewa, "Mama, sai kin kwance wannan abin da kika ɗaure." Na ji an ce ba komai ba ne, na ciwon baya ne. Na ji ƙarar maɓallai suna sakin juna ɗaya bayan ɗaya, har guda takwas, na ƙirga. Sannan na ji muryar Auta, karo na farko tun safe da ɗan rai a cikinta:

"Nas, kin sa tef ɗin a karkace. Kawo, sana'ata ce. Yaya, saki numfashin. Saki mana, ba ɗinkin biki ba ne."

Ashe shekara da shekaru akwai wani ɗan tulu a ƙarƙashin ɗamarar, zagaye, a ɗame, ba wanda ya sani sai ita da madubi. Ƙugu ya wuce ƙa'ida. Jini ya hau har nas ta sake aunawa a ɗaya hannun. Aka soki yatsa, kuma tun da ba abin da ke cikinta sai ruwan zafi, sukarin ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Uku cif. Likitar ta ce sakamakon ƙwayoyin halittar sai bayan wata biyu, amma magani ba zai jira shi ba.

"Ina tashi tun asuba," in ji Yaya Babba. Muryar ta yi ƙasa, ta zama ta tsohuwa. "Ban taɓa kwanciyar rana ba."

"Wataƙila shi ya kawo ki har yau a tsaye. Ki ci gaba. Ki haɗa da wannan," in ji likitar, ta miƙa mata takardar magani.

Da suka fito na tari likitar a bakin ƙofa. Na ce akwai ta tsakiyarsu, ta rasu, an ce ta dawo bayan wata ɗaya ba ta dawo ba. Da ta dawo, da tana nan?

Ta dube ni, ta dubi layin da ke bayana. "Ban sani ba, Baba. Da dai ta fi samun dama." Ta kira suna na gaba.

Na so ta ce a'a, ko ta ce i. Kowanne da na san inda zan ajiye shi.

Da rana ni na mayar da gadon. Na ari sifana a wurin makanikin maƙwabta, na durƙusa a ɗakin ƙurya ina haɗa ƙarfe da ƙarfe, gwiwoyina suna ƙara fiye da gadon. Yaya Babba tana falo da ledar magunguna biyu a cinya, tana karanta takardar cikin kwalin layi-layi da yatsa, a bayyane, tana jan kowane wasali don kada a sake. Ba ta yi mini magana ba, kuma har yau ba ta yi ba. Ban ce na yi asara ba.

Auta kuwa tana kan keke, tana ɗinki kamar ba kowa a ɗakin. Da na ɗora katifa, ta zo ta danna ta da hannu, ta zauna, ta ɗan yi tsalle a kai. Ta haɗiyi ƙwayarta ta farko da ruwa. Sannan ta miƙo mini wandona a ninke, an goge.

"Gwada shi, Mijin Yaya."

Na shiga banɗaki na gwada. Ya tsaya a cinya. Na ja, na riƙe numfashi, na yi addu'a, bai wuce ba. Ta rage aƙalla inci huɗu, kuma ta yanke ragowar yadin, ba abin da za a saki. Na fito riƙe da shi a hannu.

"Auta, inci ɗaya na ce."

Ta ɗauki 'yar takardar da na rubuta mata awon ranar Litinin, ta kai ta kusa da ido, ta nisantar, ta juya ta.

"Haka aka rubuta," ta ce. Ta kwanta a gadonta, ta juya mini baya. "Ja mini ƙofar in ka fita."